Akantus: ganyen da ya haura shekara 2,400 yana tsirowa a bakin cizal

Duk wanda ya taɓa raka ƙanwa ko ɗiya sayen kayan ɗaki ya ga ganyen nan, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ke lanƙwashe a saman allon gado, ya gangaro ta hannun kujera, ya naɗe a gwiwar ƙafar tebur, an shafe shi da ruwan zinare. Shi ne dai a kan ginshiƙan siminti da ke ƙofar manyan gidaje, shi ne a gefen silin ɗin fi'ofi. Mu "fulawa" muke ce masa mu wuce. Sunansa akantus, kuma tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) masassaƙan dutse a ƙasar Girka suka fara fito da shi.

Akantus tsiro ne na gaske. Yana fitowa a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, a gindin kango da gefen duwatsu. Ganyensa faffaɗa ne mai tsage-tsage irin na kankana, sai dai ya fi shi girma da sheƙi. Iri biyu aka fi ambata, mai taushin ganye da mai ƙaya, kuma sunan ma daga kalmar Girkanci mai nufin ƙaya ya samo asali. Yana da ɗan'uwa a dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru. To amma in ka tsinko ganyen ka ajiye shi kusa da na jikin gado, za ka ga dangantakar ta nesa ce, irin ta dangin da sai a wurin biki ake haɗuwa. Dalilin wannan bambanci shi ne abin da nake so mu warware.

Labarin asalinsa da ya fi shahara daga alƙalamin Vitruvius ya fito, wani magini ɗan Rum da ya rubuta littafi mai kashi goma a kan gine-gine a zamanin Sarki Augustus. Ya ce wata budurwa ce da ta isa aure ta rasu a birnin Korinti. Matar da ta rene ta ta tattara 'yan tarkacen da yarinyar ke so, ta zuba a kwando, ta kai kan kabarin, ta rufe da fale-falen rufin ɗaki don kada ruwa ya ɓata su. Ashe a kan saiwar akantus ta ajiye kwandon. Da lokacin tsiro ya yi, ganye ya fito ta gefe-gefe ya lulluɓe shi, da ya kai ga murfin ya rasa hanya sai ya lanƙwaso ƙasa. Wani gwanin sassaƙa mai suna Kalimakus ya zo wucewa, abin ya ba shi sha'awa, ya mayar da shi adon kan ginshiƙi. Daga nan, in ji Vitruvius, aka sami salon ginshiƙin da ake kira na Korinti.

Labari ne mai daɗi, kuma a ganina daɗin ne ya ba shi tsawon rai. Sai dai tsakanin Kalimakus da Vitruvius akwai shekara kusan 400. A 1893 wani masanin tarihin zane ɗan ƙasar Austiriya, Alois Riegl, ya bi sawun adon baya-baya, ya nuna cewa tun kafin akantus Girkawa suna da wani zane mai kama da buɗaɗɗen kan dabino, wanda shi kuma tushensa furen bado ne da Misirawan dā ke zanawa. A fahimtar Riegl, wannan zanen ne masassaƙa suka yi ta yi wa ƙari, ya kumbura, ya yi tsagu da haƙora, har ya zama ganye, sannan daga baya aka laƙaba masa sunan tsiron da ya fi kama da shi. Masana sun yi ta muhawara a kan haka, amma duk wanda ya riƙe cizal zai fi karkata ga Riegl. Ba a koyon akantus a lambu. Koyonsa ya fi kama da koyon rubutun allo: yaro ba ya zuwa daji neman abin da ya yi kama da harafi, hannun malaminsa yake kwaikwaya har nasa ya faɗa, kuma bayan shekaru mai ido zai iya cewa wannan rubutun wane ne, almajirin wane.

Tafiyarsa a jikin dutse doguwa ce, bari mu bi ta da sauri. Kan ginshiƙin Korinti mafi tsufa da aka sani an same shi ne a ɗakin bautar gunkin Apollo a Bassae, a tsaunukan kudancin Girka, kuma guda ɗaya ne tak, a cikin ɗaki. A wajen shekara ta 334 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka fito da shi waje, a jikin hasumiyar Lysicrates da har yau take tsaye a Atina. Rumawa ne suka rungume shi hannu bibbiyu, suka daidaita masa ƙa'ida: jeri biyu na ganye, takwas-takwas, kewaye da wani abu mai siffar kwando, sannan rassa su fito daga tsakani su murɗe a kusurwa huɗu. Na Girkawa ya fi tsini da kaifi. Na Rumawa ya fi ƙiba da taushi, bakinsa kamar ganyen zaitun. A jikin wurin hadaya na Ara Pacis da aka keɓe a birnin Rum a shekara ta 9 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ganyen ya sauka daga kan ginshiƙi ya zama reshe mai yaɗo, yana murɗewa dama da hagu, tsuntsaye da ƙadangaru na ɓoye a ciki. Wannan reshen ne kakan yawancin abin da ake sassaƙawa a katako yau.

Da aka gama babbar majami'ar Aya Sofiya a Istanbul ta yanzu a shekara ta 537, ganyen ya riga ya canja kama. Masassaƙan Rum ta Gabas sun daina ba shi tudu da kwari, suka koma huda dutsen suna ƙwaƙule bayansa, har kan ginshiƙi ya zama kamar leshi, fari a sama baƙi a ƙarƙashi. A wannan hali Musulmi suka gaje shi. Wanda ya ga hoton cikin Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus, wadda Khalifa Abdulmalik bin Marwan ya gina wajen shekara ta 691, ya ga rassan akantus suna fitowa daga tuluna. Daga Masallacin Al-Aƙsa kuma akwai allunan katako na ƙarni na 8 da suka tsira, ɗauke da akantus da inabi da rumman, suna ajiye a gidajen tarihi na birnin. Suna da daraja ta musamman domin katako ba ya jure zamani kamar dutse: wanda gara ta bari, wuta ko ruwa ya cinye. A Ƙairawan ta Tunisiya, garin mai Risala da ake karantawa a zaurukanmu, babban masallacin cike yake da ginshiƙan Rumawa da aka kwaso daga tsofaffin gine-gine, da ganyensu a ka, ga kuma mumbarin katako na ƙarni na 9 mai alluna kusan 300, wanda shi ne mumbari mafi tsufa da ya rage a duniya. Riegl ya nuna cewa daga wannan reshe mai murɗewa ne zayyanar nan ta Larabawa ta fito, wadda ganye ke haifar da reshe, reshe ya haifi ganye, ba farko ba ƙarshe.

Yanzu mu shiga shagon masassaƙi, domin a nan ne maganar take da nama.

Ganyen akantus yana da gaɓoɓi sanannu. Akwai ƙashin baya, jijiyar tsakiya da ke farawa da kauri a gindi tana sirancewa zuwa sama. Dama da hagu akwai kunnuwa, kowane kunne ya rabu zuwa yatsu uku ko biyar. Inda kunne ya hau kan ɗan'uwansa ana barin ɗan rami mai siffar ɗigon hawaye, shi ake kira ido. Daga kowane ido wani ɗan tudu mai kama da bututu yake gangarawa ƙasa. Can a sama kuma kan ganyen ya sunkuyo gaba, kamar yadda ya yi a ƙarƙashin murfin kwandon Vitruvius. Dokar da ta ɗaure su duka ɗaya ce: kowane layi sai ya nufi gindin ganye cikin lanƙwasa, ba wanda zai faɗa wa ƙashin baya a tsaye. Kamar ƙoramu ne da ke shiga kogi, kowace tana bin gangare ta kwanta a jikinsa. Layi ɗaya ya karye ko ya yi gwiwa, ko wanda bai san komai a kan sassaƙa ba zai ji wani abu bai zauna ba, ko da ya kasa nuna wurin. Shi ya sa a shagunan Turai yaro kan daɗe yana zana ganyen da fensir, wani lokaci ya gina shi da yumɓu, kafin a bar shi ya taɓa katako.

Kayan aikin ba irin na masassaƙanmu na turmi da akushi ba ne, waɗanda gizago ke yi musu yawancin aiki. A nan cizal ne iri-iri, kuma kusan duka bakinsu mai kwarmi ne. An ba su lambobi gwargwadon zurfin kwarmin: lamba 1 miƙaƙƙe ne, lamba 3 ɗan lanƙwasa kaɗan, lamba 9 rabin da'ira, lamba 11 kuma zuzzurfa kamar ƙaramin kwalbati. Akwai mai baki kamar harafin V na jan layi, akwai mai wuya kamar cokali na shiga lungu. Sai guduma ta katako mai zagayayyen kai, don duk gefen da ya sauka daidai ne. Abin da mai kallo bai cika lura da shi ba shi ne siffar yatsun ganye daga bakin cizal take fitowa. Masassaƙi ba ya zagaya layi yana ƙirƙirar lanƙwasa, yana zaɓen cizal ɗin da kwarminsa ya yi daidai ne, ya dasa shi sau ɗaya. Wannan ne ya sa masu gyaran tsofaffin kaya kan iya ƙirga cizal nawa mai aikin farko ya yi amfani da su, daga sawun da suka bari.

Kaifi kuwa ba wasa. Ana wasa bakin a dutse, daga mai kaushi zuwa mai laushi, a ƙarasa a kan fata kamar yadda wanzami ke yi wa askarsa. Cizal mai kaifi yana barin katako da sheƙi, dakusasshe kuma yana yage shi ya bar fari-fari. Masassaƙi kan koma kan fatar nan a kai a kai cikin yini.

Babban abin da ya raba katako da dutse shi ne katako yana da zare. Mai faskare ya sani, itace ta tsawonsa yake tsagewa. In ka yanka kana bin kwanciyar zaren, aska ce a kan man shanu. In ka juya, kamar shafa gashin akuya ne daga wutsiya zuwa kai, nan take zai tashi, wani lokaci ya ɓalle da guntun da ba ka yi niyya ba. To ga akantus, wanda babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya a jikinsa. Lanƙwasa guda tana iya bin zare a rabinta na farko, ta saɓa masa a rabi na biyu. Cizal mai bakin V ma ya fi rikici, domin a yanka ɗaya gefensa na dama yana bin zare na hagu yana saɓawa, sai mai aiki ya zaɓi gefen da yake so ya fito sumul ya sadaukar da ɗayan. Saboda haka gwanaye ke koyon aiki da hannu biyu, dama da hagu, don su juya yanka ba tare da sun kwance katakon daga kan benci ba.

Tsarin aikin kansa daga babba ne zuwa ƙarami. A zana ganye a kan katako, a zagaye shi da V, a sauke filin da ke kewaye har ganyen ya taso. Daga nan sai a manta da yatsu da jijiyoyi tukuna, a fitar da tudu da kwari: ina ne ya fi tsawo, wane kunne ne ke kan wane, ina kai zai sunkuya. A wannan mataki zanen fensir duk ya tafi tare da ɓawon katako, dole a sake zanawa, kuma a nan ne sabon shiga ke karaya, ya riƙa jin tsoron yanka mai zurfi don kada ya ɓata zanensa. Sakamakon shi ne ganye shimfiɗaɗɗe kamar an bi ta kansa da dutsen guga. Bayan siffa ta zauna sai a huda idanu, a fitar da bututu, a raba yatsu, a kwarmanta cikin kowane kunne kamar cokali. Ƙwaƙule ƙarƙashin ganye shi ne na ƙarshe, domin abin da ka cire daga ƙasa ba ya dawowa, kuma bakin da ya sirance ba ya ɗaukar gyara.

Wannan ƙwaƙulewar ce ke ba ganye rai. Ido ba katako yake gani ba, haske da inuwa yake gani. Bakin ganye ya yi kaifi, ƙarƙashinsa ya yi duhu, sai ka ga kamar iska za ta ɗaga shi. Shi ya sa masassaƙa ke son haske ya zo musu daga gefe, kuma shi ya sa da yawansu ba sa ga maciji da samfefa: tana cinye kaifin baki, ta mayar da aiki kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Akwai kuma haɗarin wuce gona da iri. Kalimakus ɗin nan da kansa, marubucin Rum Pliny ya ce yawan gyare-gyarensa kan kashe armashin aikinsa. Tun daga mutumin da aka jingina wa ganyen ke nan ake fama da sanin inda za a tsaya.

Wanda ya kai wannan sana'a ƙololuwa a katako shi ne Grinling Gibbons. An haife shi a Rotterdam ta Holan a 1648, ya ƙaura Ingila yana saurayi. A 1671 wani mai faɗa a ji, John Evelyn, ya hango shi ta tagar wani ɗan gida a Deptford yana sassaƙa, ya kai labarinsa fada. Ya zo a kan gaɓa, domin gobarar 1666 ta cinye tsakiyar Landan, babban magini Christopher Wren na sake gina majami'u, ana neman hannu. Gibbons ya yi aiki a majami'ar St Paul da fadar Hampton Court da gidan Petworth. Sirrinsa biyu ne. Ya zaɓi itacen linden, fari mai laushi, wanda zarensa ba ya gardama sosai. Sannan maimakon ya rarake gungume ɗaya, sai ya sassaƙa aikin hawa-hawa, kowane hawa daban, ya ɗora su a kan juna, ya kafa farin aikin a kan bango mai duhun katako. Rassan akantus ɗinsa suna murɗewa a iska har kana iya zura yatsa ta bayansu. Da gobara ta kama Hampton Court a 1986, Ba'amurke David Esterly na cikin waɗanda suka yi aikin maye gurbin abin da ya ƙone, kuma a nan aka gano cewa Gibbons yana goge aikinsa da karan wani tsiro mai kaushi da ke fitowa a fadama, domin ya bar 'yan siraran layuka a jikin katakon. Wato ko maganar ƙin samfefa da na faɗa a sama ba ta zama doka a kan kowa ba.

Ƙarni na 18 ya sauko da ganyen daga bango zuwa kujera. A 1721 majalisar Birtaniya ta cire haraji a kan katakon da ke zuwa daga ƙasashen da take mulka, mahogani ya fara kwararowa daga Jamaika, kuma bayi 'yan Afirka ne ke sare shi, abin da masu yabon kujerun ba su cika ambata ba. Mahogani yana da tauri daidai, yana riƙe ƙananan yanka ba ya marmashewa. Littafin zanen kayan ɗaki da Thomas Chippendale ya buga a 1754 ya yaɗa salon har Amurka, akantus ya zauna daram a gwiwar ƙafar kujera. Maɗacinmu ɗan gidan su mahogani ne, har ana kiransa mahoganin Afirka a kasuwar katako, don haka kafintan da ya taɓa aiki da shi ya san irin halin da ake magana, har da yadda zarensa kan sarƙe ya yi gardama.

Misalin da ya fi burge ni kuwa daga Nowe yake. Ganyen ya shiga ƙasar ne ta babbar majami'ar Oslo a ƙarshen ƙarni na 17, daga nan ya bi hanya zuwa kwarin Gudbrandsdal, inda manoma da sanyin hunturu ke tsarewa a ɗaki wata da watanni suka karɓe shi. Fitaccensu Jakob Klukstad, wanda ya rasu a 1773, ya ƙawata majami'ar Lesja da shi. Mutanen da akasarinsu ba su taɓa ganin tsiron ba suka mayar da shi nasu, suna sa shi a kabad da akwati da cokali, har yau ana koyar da shi a matsayin sana'ar gargajiyar Nowe. Da Riegl ya nemi shaida, da wannan ta ishe shi.

Ruwan zinaren da muke gani a kai ma yana da nasa asali. A aikin gaske ana shafe katako da alli da aka dama da gam na fatar zomo, shafi a kan shafi, har ya toshe ƙananan layuka. Sai wani gwani daban ya zo ya sake sassaƙa jijiyoyin a jikin allin, a shafa jar laka, a shimfiɗa zinaren da aka buge ya fi ɓawon albasa siranta, a goge da dutsen aƙiƙ, a dā ma da haƙorin kare. Jan da ke leƙowa a gefen tsofaffin firam ɗin madubi lakar nan ce.

Yau akwai garuruwan da har yanzu dubban mutane ke cin abinci da wannan ganye, kamar Dumyaɗ a Masar da Jepara a Indunusiya. Amma mafi yawan abin da ke shigowa kasuwa injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ya yanka, ko kuma ba katako ba ne sam, roba ce aka zuba a mazubi aka manna aka fesa fenti. Ban ga laifin mai saye ba, kowa da ƙarfin aljihunsa, kuma injin yana aiki mai tsafta. Inda gizo ke saƙar shi ne a sayar maka da na mazubi a kuɗin na hannu. Bambancewa ba wuya. Bakin injin da aka fi amfani da shi daga sama yake sauka kuma zagayayye ne, saboda haka ba ya shiga ƙarƙashin ganye, kuma kusurwoyin cikinsa ba sa yin tsini. Abin mazubi shi ma dole bayansa ya zama a cike, in ba haka ba ba zai fita daga mazubin cikin sauƙi ba. Ka zura yatsa a bayan kan ganyen ka ji ko akwai rami. Ka leƙa cikin idanun ka ga ko an huda su da zurfi ko fenti ne ya cike su. Sannan ka gwada ganyen dama da na hagu: in sun zama ɗaya sak har ɗan tabon da ke jikin wannan yana jikin wancan, daga mazubi ɗaya suka fito. A ƙarshe ka ƙwanƙwasa da farce, katako da roba ba sa amsawa da murya ɗaya.